Yafe wa naka: tambayoyi da amsoshi kan gafara a aure, a gida da cikin dangi

Waɗannan su ne tambayoyin da mutane suka fi tare ni da su bayan an tashi sujada, ko a ajin masu shirin aure, wani lokaci ma a waya da dare, mutum ya kira yana magana ƙasa-ƙasa don kada na kusa da shi ya ji. Kuma kusan babu mai tambaya a kan baƙo. Mai keke ya zage ka a hanya, kafin ka kai gida ka manta da shi. Wanda ake kwana ana juyi a kansa shi ne miji, mata, wa, ƙanwa, suruka, ko aminin da kuka tashi tare. Dauda ma kukan da ya yi kenan a Zabura 55, ya ce da maƙiyi ne ya ci masa mutunci da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke shiga gidan Allah tare.

Ana ta ce mini in yi haƙuri. Haƙuri da gafara ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma a nan ne da yawanmu muke ruɗewa. Haƙuri yana da kyau, yana cikin 'ya'yan Ruhu ma, amma mutum zai iya shekara goma yana haƙuri bai yafe ko ƙwayar zarra ba, ya dai danne ne, yana dafa abinci yana gaisuwa yana zuwa coci, cikinsa kuwa kamar tukunyar da aka rufe a kan wuta. Irin wannan ranar da murfin zai tashi sai ka ji an tono maganar da aka yi tun kafin a haifi ɗan fari.

Yesu da zai bayyana gafara, da bashi ya kwatanta ta. A Matiyu 18 ya ba da misalin bawan da sarki ke binsa talanti 10,000 ya yafe masa, shi kuma ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa bawa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan leburan yini guda ne, to ka ga dinari 100 ai ya haura aikin wata uku, ba ƙaramin kuɗi ba ne ga talaka. Ina son mutane su riƙe wannan, domin Yesu bai ce abinda aka yi maka ba komai ba ne. An cuce ka da gaske, akwai bashi. Sai dai talanti ɗaya kawai ya kai wajen dinari 6,000, sai ka lissafa dubu goma ka ga abinda aka yafe wa mutumin. Gafara ita ce ka dubi bashin, ka san adadinsa sarai, sannan ka ce ba zan karɓa daga jikinka ba, ba da gori ba, ba da gaba ba, ba da ɓata maka suna a dangi ba, tunda ni ma an yafe mini wanda ya fi shi. Shi ya sa nake jin tsoron "ba komai, ya wuce" ɗin nan da muke saurin faɗa tun hawaye bai bushe ba. In ba komai, me aka yafe kenan?

Na ce na yafe, na ma yi addu'a, amma in na tuna sai raina ya sake ɓaci. Ƙarya na yi wa Allah?

Ba ka yi ƙarya ba ɗan'uwa. Bari in ba ka nawa. Bayan rasuwar mahaifinmu, yayana ya sayar da gonar da ke bakin rafi bai gaya wa kowa ba, sai da damina ta zo na je na tarar da wani yana huɗa a ciki. Shekara uku muka yi ba abinda ke haɗa mu sai "sannu" "yauwa". Ranar Kirsimeti mama takan zuba shinkafa a kwano biyu, ta aika yaro ya kai ɗaya ɗakin nan ɗaya ɗakin can, alhali tun muna yara a tire ɗaya muke ci, kuma ba ta taɓa cewa uffan ba sai dai in ta miƙo kwanon ba ta kallon fuskata. Kwanon nan biyu ne ya karya ni, ba wa'azi ba. Na je na same shi tare da kawunmu, muka zauna a gindin mangwaro, na faɗa masa duk abinda ke raina, na ce na yafe. Kuma da gaske nake.

Amma har yau in na bi ta hanyar rafin nan na hango masarar wani a inda baba yake kafa bukkarsa, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Abinda na koya shi ne duk sanda ya taso sai in sake cewa Ubangiji, na riga na saki wannan, ba zan koma in ɗauka ba. Da farko kullum ne, daga baya sai wata-wata, yanzu sai jefi-jefi. Yusufu ma, wanda 'yan'uwansa suka sayar, da ya sa wa ɗansa suna Manassa, wai Allah ya mantar da shi wahalarsa, ai da ya ga 'yan'uwansa bayan shekara 22 kuka ya yi ta yi, har yana juya musu baya yana shiga ɗaki don kada su gani.

Dole sai na manta?

Babu ayar da ta umarce ka ka goge ƙwaƙwalwarka. Inda Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da zunubinmu ba, a Irmiya 31:34, nufinsa ba zai sake ɗauko shi ya hukunta mu da shi ba. To kai ma haka. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa ƙarara, ni ne wanda kuka sayar zuwa Masar. Bai manta ba. Abinda ake nema a wurinka shi ne kada abin ya zama sandar da kake ajiye a bayan ƙofa, duk ranar da aka saɓa a kan kuɗin cefane sai ka zaro ta. Karin Magana 17:9 ta ce mai maimaita magana shi ke raba aminai.

Bai nemi gafara ba, bai ma yarda ya yi laifi ba. Zan yafe masa haka nan?

Abu biyu ne a nan, kada a cakuɗa su. Akwai abinda ke tsakaninka da Allah, wato ka saki ramuwa da ƙiyayya, wannan ba ya jiran kowa. Yesu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara, Istifanus ma ana jifansa da duwatsu ya yi haka, babu wanda ya ba su haƙuri tukuna. Sannan akwai sulhu, a koma yadda ake da, shi kuwa sai da mutum biyu. A Luka 17:3 Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Bulus kuma a Romawa 12:18 ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abinda ke hannunku, ku zauna lafiya da kowa. Ya san wani lokaci ba ya yiwuwa.

Amma tambayar da nake fara yi wa mai wannan ƙorafi ita ce, ka gaya masa? Sau da yawa amsar a'a ce, wai ai ya sani. An gaya wa ƙawa, an gaya wa mama fasto, an sa a sitatus da habaici, an kawo shi a matsayin roƙon addu'a a zumunta, mutum ɗaya ne kawai ba a gaya wa ba, shi mai laifin. Matiyu 18:15 zuwa 17 kuwa cewa ta yi ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Mu mun juya tsarin, daga ƙarshe muke farawa.

In na ce na bar shi da Allah, ai na yafe ko?

Ya danganta da abinda ke bayan maganar. Romawa 12:19 ta ce kada ku rama, ramuwa ta Ubangiji ce, to in nufinka na cire hannuna, Allah ya yi abinda ya ga daidai ko da jinƙai ne, wannan hanya ce mai kyau. Amma mu faɗi gaskiya, yawancin "na bar shi da Allah" ƙanwar "Allah ya isa" ce, mutum ya zauna yana jiran ya ji an ce wane ya yi haɗari ko an kore shi daga aiki ya ce yauwa. Gwada kanka da wannan: in ka ji Allah ya buɗa masa, ya sayi fili, 'yarsa ta samu shiga jami'a, me ka ji a cikinka? Kuma za ka iya ambatar sunansa a addu'a ka roƙa masa alheri?

Sau nawa? Kullum abu ɗaya yake maimaitawa.

Bitrus ya yi wannan tambayar, har ya kawo bakwai yana ganin ya yi ƙoƙari, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in. Wasu fassarorin sun ce 77, wasu 490, ko wanne ne dai nufin a daina ƙirga. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, wanda kuke kwana ɗaki ɗaya zai ɓata maka rai fiye da haka. Sai dai yafewa sau da yawa bai hana a zauna a ce wannan halin fa sai an gyara shi.

Mijina yana dukana. Duk sanda na tafi gida sai a zo biko, a ce ke mai bi ce, ki yafe ki koma. Ya zan yi?

'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau. Gafara ba ta ce ki tsaya a kashe ki ba. Na san yadda ake yi, a tara dattawa, a karanta Afisawa 5:22 a kanki, ya durƙusa ya ce Shaiɗan ne, a ce ki dubi yaranki, ki koma da idonki a kumbure, bayan wata biyu a sake. Wanda duk ya karanta aya ta 22 ya tsallake ta 25 zuwa 29, inda aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa don ikilisiya, kuma babu mai ƙin jikinsa, to bai karanta miki Littafi ba, ya zaɓi abinda zai rufe miki baki ne. Kolosiyawa 3:19 ta hana miji ko da tsananta wa matarsa. 1 Bitrus 3:7 ta ce wanda bai girmama matarsa ba addu'arsa ma tana samun cikas.

Dubi Dauda da Sarki Saul, surukinsa ne fa, uban matarsa. Saul ya jefe shi da mashi, Dauda ya gudu. Sau biyu ya samu damar kashe Saul bai taɓa shi ba, a kogon En Gedi bakin rigarsa kawai ya yanka. Saul ya yi kuka ya ce ɗana Dauda ka fi ni adalci. To me ya biyo baya? 1 Sama'ila 24:22 ta ce Saul ya koma gida, Dauda da mutanensa suka hau maɓoyarsu. Dauda bai riƙe shi a zuci ba, amma bai bi shi gida don ya ga hawaye ba.

Don haka ki je inda ranki da na yaranki zai tsira, ki je asibiti a duba ki, ki ajiye takardar. A Najeriya akwai dokar hana cin zarafi da ake kira VAPP tun 2015, jihohi da dama sun karɓe ta, dukan mata laifi ne a ƙarƙashinta, kuma kai ƙara ba rashin gafara ba ne, Romawa 13 ta ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta. Kina iya yafe masa daga gidan iyayenki. Maganar komawa kuwa sai an ga tuba mai 'ya'ya, na tsawon lokaci, wanda wasu za su iya shaida, ba na ranar biko ba. Ku kuma dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, don Allah mu daina auna nasarar sulhu da cewa ta koma ɗakinta. Mun binne wasu da suka koma.

An ci amanata a aure. In na yafe, dole in ci gaba da zaman?

Wannan ciwo ne mai zurfi, kada kowa ya sa miki ko ya sa maka agogo. Yafewa wajibi ce a kan mai bi, ko da za ta ɗauki lokaci. Ci gaba da auren kuwa, Yesu da kansa a Matiyu 19:9 ya ware fasikanci a maganar saki, ikilisiyoyi sun bambanta a yadda suke fahimtar wurin, shi ya sa yana da kyau a zauna da fasto mai hankali da riƙon sirri. Na ga auren da ya tashi daga wannan ramin ya fi da ƙarfi, kuma duk waɗanda na gani abu ɗaya ne ya haɗa su: mai laifin ya faɗi gaskiya duka ba sai an kama shi guntu-guntu ba, ya yanke hulɗar gaba ɗaya, ya yarda a je a yi gwajin jini, ya bar wayarsa a buɗe, kuma bai taɓa cewa "ba kin ce kin yafe ba, me ya kawo tambaya kuma". Gafara kyauta ake ba da ita, yarda kuwa sai an sake gina ta. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, ya ga ko za su sake yar da ƙaninsu, kafin ya bayyana kansa.

Ɗan'uwana ya ci kuɗina. In na yafe shikenan ba zan nemi kuɗin ba?

Kana iya yafe cutar ka kuma nemi haƙƙinka, musamman in kuɗin makarantar yara ne ko na marayu ko na adashe da ba naka kai kaɗai ba. Zakka da ya tuba bai tsaya a baki ba, ya ce zai mayar ninki huɗu. Bulus da yake roƙar wa Onisimus gafara wurin ubangidansa Filimon ya ce in yana da bashinka ka sa a kaina, zan biya. Abinda 1 Korintiyawa 6 ta ƙi shi ne 'yan'uwa su ruga kotu alhali akwai masu hikima a cikinsu da za su iya raba gardamar. A zauna da shaidu, a rubuta, a tsara biya kaɗan-kaɗan. In kuma ka ga da gaske ba shi da shi, kai kuwa Allah ya rufa maka asiri, ka bar masa, ka faɗa masa da bakinka cewa ka bari don ya daina sauya hanya in ya hango ka. Ba dole ka sake ba shi rance ba.

Iyayena ne suka cuce ni, kuma a wurinmu babba ba ya ba yaro haƙuri.

Gaskiya ne, da wuya ka ji tsoho ya ce na yi kuskure. Wani lokaci ban-haƙurinsu shi ne a aiko maka da buhun gyaɗa ko kaza, ko a kira a ce yaushe za ka kawo mana yaran. In ka gane yaren ka karɓa, kada ka tsaya sai an faɗi kalmar. Girmama iyaye bai hana ka faɗa musu cikin ladabi cewa abin nan ya yi mini ciwo ba, in ba za ka iya kai tsaye ba ka bi ta wurin gwaggo ko kawu da suke jin maganarsa.

Mu kuma da muka zama iyaye, Afisawa 6:4 da mu take, kada mu tsokani 'ya'yanmu su yi fushi. Dauda ya bar ɗansa Absalom ya dawo Urushalima amma shekara biyu bai yarda ya ga fuskarsa ba, rabin yafiya kenan, kuma ƙarshenta Absalom ya yi wa ubansa tawaye. Ranar da ka daki yaro a kan laifin da ba shi ya yi ba, ka kira shi ka ce Baba ya yi kuskure, ka yafe mini. Girmanka ba zai ragu ba, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ni ne mai laifin. Yaya zan nemi gafara?

Ka je da ƙafarka, kada ka tura saƙon waya in dai ana iya zuwa. Ka ambaci abin da sunansa. "In na ɓata miki rai ki yi haƙuri" ba tuba ba ce, wannan "in" ɗin ya riga ya wanke ka. Ka ce na zage ki a gaban ƙannena, ban kyauta ba, na yi wa Allah laifi na yi miki. Kada ka haɗa da "amma ke ma", laifi tudu ne, yau naka ka zo takawa. Ɗan nan da ya lalatar da gadonsa a Luka 15 bai kawo hujja ko ɗaya ba, bai ma nemi a mayar da shi matsayinsa ba. Yakubu da zai sadu da ɗan'uwansa Isuwa bayan shekara 20, kyauta ya tura gaba ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Sannan in ka gama ka yi shiru ka ji abinda za a faɗa maka ko da ɗaci, kuma in an ce a ba ni lokaci, ka bayar. Gafara roƙonta ake yi, ba a ƙwatar ta da aya.

Muna gaba da wata a coci ɗaya, ƙungiyar mawaƙa ɗaya ma. Zan iya cin jibin Ubangiji?

Matiyu 5:23 da 24 ta ce in ka kawo baiko bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. 1 Korintiyawa 11:28 ta ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci. Amma maganin ba shi ne ki riƙa fita waje duk ranar jibi har shekara ta zagayo ba, wasu sun mayar da hakan hanyar kauce wa sulhu. Ki neme ta kafin Lahadi. In kin je da zuciya ɗaya ta ƙi sauraronki, kin sauke naki, ki zo teburin. Gaba abin tsoro ce, Absalom shekara biyu bai ce wa ɗan'uwansa Amnon komai ba, mai kyau ko mummuna, ƙarshenta jini aka zubar a gidan.

Wanda ya yi mini laifin ya rasu, ban samu na ce na yafe ba.

Wannan tambayar tana zuwa da kuka kusan kullum, wani lokaci kuma a juye take, ni ne ban nemi gafararsa ba har aka rufe shi. Ba za ka iya magana da shi ba yanzu, amma Ubangiji da ya ga abin tun farko yana nan, ka faɗa masa duka yadda yake, har da fushin, masu Zabura ba su ɓoye nasu ba. Wasu yana taimaka musu su rubuta a takarda su karanta a gaban Allah, ko a gaban wani mai bi da suka amince da shi. In kai ne mai laifin, 1 Yohanna 1:9 ba ta rufe ba don mutumin ya mutu, kuma in akwai abinsa a hannunka ka mayar wa magadansa. Sannan ka duba ko ya bar mata ko yara. Wata mama da na sani, ƙaninta ya rasu suna gaba a kan gidan gado, ba ta ce komai a wurin jana'iza ba, amma da aka koma makaranta ita ta je ta biya wa 'yarsa ta biyu kuɗin zango, ta ɗinka mata yunifom kala biyu, har yanzu yarinyar a gidanta take hutu.